Ƙafafun ɗana sun yi baka, mu jira su miƙe ko mu kai shi asibiti?

Maman_Khalifa:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san lamarin ƙashin yara, ko ta hanyar karatu ko ta hanyar reno. Ɗana yana da shekara biyu da wata takwas, kuma tun da ya fara tafiya ƙafafunsa suka yi baka, wato idan ya haɗa idon sawunsa wuri ɗaya sai a ga gwiwoyinsa sun yi nesa da juna. Yayarsa ma ta yi haka tana ƙarama, amma tata ta miƙe tun kafin ta cika shekara biyu, shi kuwa nasa ƙaruwa yake yi, musamman ta ƙafar hagu, ga shi yana riga sa'o'insa gajiya idan suna wasa. Kakarsa ta ce gado ne, mahaifinsa ma haka ya taso, don haka a bar shi zai miƙe da kansa. Wata maƙwabciyata ta ce yawan goyo ne ya buɗe masa ƙafafu, wani ɗan uwan maigidana kuma ya kawo shawarar a kai wa mai ɗori ya ɗaure su. Shin akwai shekarun da idan yaro ya wuce su ba a ƙara jira, ko kuwa gaskiyar kakar tasa ce?

Dattijon_Fagge:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Na ga 'ya'ya na ga jikoki, kuma da wuya ki sami gidan da ba a taɓa yin yaro mai ƙafar baka ko mai gwame ba, yawancinsu kuma sun girma ƙafafunsu sambal ba tare da an sha ko ƙwaya ɗaya ba. Ni ra'ayina ya fi karkata ga na kakarsa. Abin da kawai ba zan goyi baya ba shi ne a ɗaure ƙafar da ba ta karye ba.

Malamar_Jinya_Kaduna:
Baba, abin da ka gani a gidaje gaskiya ne, amma yana da iyakar shekaru, kuma yaron nan ya wuce ta. Kusan kowane jariri da ɗan bakan ƙafa ake haihuwarsa saboda yadda ya naɗe a ciki, kuma ƙafafun kan miƙe tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa shekara biyu. Daga nan sai su juya ɗaya ɓangaren, gwiwoyi su riƙa haɗuwa idon sawu yana rabuwa, wato gwame, wanda ya fi fitowa fili a shekara uku zuwa huɗu, sa'an nan ya daidaita wajen shekara bakwai. Duk wannan girma ne, ba cuta ba, muddin ƙafafun biyu daidai suke tafiya kuma yaron ba ya jin ciwo.

Maman Khalifa ta faɗi abubuwan da suka fitar da ɗanta daga wannan sahu: ya haura shekara biyu, bakan yana ƙaruwa maimakon raguwa, ɗaya ƙafar ta fi ɗaya, ga kuma gajiya. 'Yar uwa, ki duba wuyan hannunsa ko ya yi kauri, ki shafa haƙarƙarinsa ta gaba ko za ki ji ƙulle-ƙulle a jere, ki kuma tuna ko ya yi jinkirin haƙori ko maɗigarsa ta daɗe ba ta rufe ba. Ko kin ga waɗannan ko ba ki gani ba, yaro ne da ya kamata likita ya gani a ɗauki hoton ƙashinsa.

Uwar_Biyu_Jos:
Abin da Malama ta lissafa shi ne na gani a jikin 'yata. Ita gwame ta yi mai tsanani, wuyan hannunta ya kumbura, kuma idan ta yi 'yar tafiya sai ta zauna tana kuka a ɗauke ta. A asibiti aka ce riket ne, wato ƙashinta ya yi laushi saboda bai sami abin da zai ƙarfafa shi ba. An ɗora ta a kan sinadarin kalsiyam da bitamin D na kusan wata shida, aka ce a dage da madara da kifi. Ciwon da gajiyar su suka fara tafiya, ƙafafun kuwa a hankali suka riƙa miƙewa, har yanzu da take makarantar firamare ba mai cewa ta taɓa yin gwame. Ba a yi mata tiyata ba. Allah ya ba Khalifa lafiya.

AbuSadiq84:
Ina da tambaya a kan wannan. Abin da na sani shi ne rashin shiga rana ke kawo riket, shi ya sa aka san shi a ƙasashen sanyi irin su Ingila. To yaya za a yi yaron da yake yini a tsakar gida a Kano ko Sakkwato, inda rana ke dukan mutum tun safe, ya kamu da shi?

Likitan_Yara_KN:
Malam Abu Sadiq, tambayarka ita ce ta sa aka yi bincike a Jos. Ƙashi yana buƙatar abu biyu, kalsiyam wanda shi ne kayan ginin, da bitamin D wanda ke taimaka wa hanji ya tsotse shi daga abinci, kuma fata ce ke sarrafa bitamin ɗin idan rana ta taɓa ta. A binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, an raba yara 123 masu riket gida uku, wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu kuma duka biyun. Bayan mako 24, kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka sami kalsiyam sun kai matakin warkewar da ake nema, alhali a cikin masu bitamin D kaɗai kashi 19 ne suka kai. Yaran nan abin da suke samu na kalsiyam a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, alhali masana suna ɗaukar duk abin da ya gaza 300 a matsayin ƙaranci ga yaron da ya haura shekara ɗaya.

Dalilin yana cikin kwanonmu. Da zarar an yaye yaro sai ya koma kan koko da kunu da tuwon masara ko na dawa, madara ta zama ta lokaci-lokaci, kuma hatsin nan ban da ƙarancin kalsiyam ɗinsu suna ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan kalsiyam ɗin da aka ci ya hana hanji tsotse shi. Wannan ba ya nufin ƙarancin bitamin D ba ya faruwa a wajenmu, yana faruwa ga jaririn da shi da mahaifiyarsa ba sa fita rana.

Maman Khalifa, akwai cuta ta biyu da nake so a duba, tunda kin ce hagu ta fi. Ana kiranta cutar Blount. Ita ba laushin ƙashi ba ce, guringuntsin da ƙashin ƙwauri ke tsiro daga gare shi, can ƙasan gwiwa ta ɓangaren ciki, shi ne ke danƙarewa ya ƙi girma daidai da na waje, sai ƙwaurin ya riƙa karkata. Ta fi samun yara baƙar fata, da masu jiki, da waɗanda suka fara tafiya da wuri, kuma ba ta jin kalsiyam. Idan an gano ta kafin shekara uku ana iya gwada takalmin gyara, idan ta yi nisa sai tiyata. Da ido ba a rabe waɗannan biyun da tabbaci, sai da hoton ƙashi da gwajin jini.

Ɗan_Maraɗi:
Likita, Allah ya saka da alheri. Zan ƙara da cewa kada a tsorata iyaye da kuɗin madarar gwangwani, domin nono da kindirmo da cuku duk suna yin aikin, kuma kofi ɗaya na madara yana ba da kalsiyam kusan miligiram 300. Ƙananan busassun kifi idan aka daka su da ƙayarsu aka zuba a miya ko a kunu suna taimakawa ƙwarai, haka garin kuka da zogale da riɗi. Ga 'yan uwa da ke wannan ɓangare na iyaka kuma, akwai asibitin yara na CURE a Yamai, wanda aka buɗe a 2010, kuma gyaran ƙafar baka da gwame da lanƙwasasshiyar ƙafa na cikin manyan ayyukansa.

Goggon_Zariya:
Ni maganar maƙwabciyar nan ce ta tsaya mini a rai, wadda ta ce goyo ne ya buɗe ƙafafun yaro. Da goyo yana kawo baka, da babu Bahaushen da zai tashi da miƙaƙƙiyar ƙafa, domin dukkanmu a bayan uwa muka girma. A daina ɗora wa mata laifin abin da ba su jawo ba.

Mai_Gashin_Ƙashi:
Goggo, kin yi gaskiya, kuma goyo irin namu alheri ne ga ƙugun jariri. Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi, kan ƙashin cinya yana zaune a cikin wani rami a ƙashin ƙugu, kuma a wasu jarirai ramin ba ya yin zurfi, sai kan ya riƙa zamewa ko ya goce gaba ɗaya. Zaman da jariri ke yi a baya, cinyoyinsa a ware gwiwoyinsa a sama, shi ne zaman da ya fi riƙe kan ƙashin a mazauninsa, kuma an daɗe da lura cewa wannan matsala ba ta da yawa a al'ummomin da ke goyo haka, ta fi yawa a inda ake miƙe ƙafafun jariri a haɗe a naɗe shi tamau. Saboda haka masu naɗe jarirai a zani ko a tawul su bar wa ƙafafu sarari.

Ta fi samun 'ya'ya mata, da 'yan fari, da waɗanda suka zauna ta ɗuwawu a ciki, da gidan da aka taɓa samun irinta. Idan uwa ta lura wajen wanka ko sauya ƙunzugu cewa cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar, ko ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ta kai a duba. Kafin wata shida wata ɗamara mai laushi ce ke gyara ta, idan kuwa aka bari sai yaro ya fara tafiya yana ɗingishi, to maganar ta koma ta siminti ko tiyata.

Jikan_Masu_Ɗori:
Na ga tun daga farkon muhawarar ana ambaton mai ɗori kamar wanda ake gudu. Ni a gidan ɗori na tashi, kuma na ga karaya da targaɗe da gocewar ƙashi da aka kawo wa kakana suka warke, a lokacin da asibiti ya yi wa mutanen ƙauyenmu nisa kuma ya fi ƙarfin aljihunsu. Amma zan faɗa muku abin da shi da kansa yake yi: idan aka kawo masa yaron da bai faɗi ba, bai buge ba, sai dai ƙafarsa ta karkace ko yana ɗingishi, ba ya taɓa shi, yakan ce wannan ba aikin kara ba ne. Matsalar ita ce yanzu sana'ar ta cika da waɗanda ba su gaje ta ba kuma ba su koye ta ba.

Mai_Gashin_Ƙashi:
Malam, Allah ya jiƙan magabata, kuma hukuncin kakanka a kan irin wannan yaro shi ne daidai. Abin da ke kawo mana yara a mummunan hali shi ne ɗauri mai tsanani. Gaɓar da ta ji rauni kumbura take yi, idan kara da tsumma suka hana ta wurin kumbura sai jini ya daina isa ƙasa, cikin sa'o'i kaɗan nama ya fara mutuwa, kuma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha rubutawa cewa wannan na cikin manyan dalilan yanke hannu ko ƙafar yara. Duk yaron da aka yi wa ɗori, ko ma siminti a asibiti, idan yatsunsa suka yi sanyi ko suka sauya launi, ko kukansa ya ƙi tsayawa, a sassauta ɗaurin a kai shi asibiti a daren nan, kada a ce ɗorin ne ke kamawa.

Abban_Yusra:
Tunda Ɗan Maraɗi ya ambaci lanƙwasasshiyar ƙafa, bari in ba da labarin tawa 'yar, ko wani zai amfana. An haife ta tafin ƙafafunta biyu sun juya ciki suna kallon juna, dunduniyarta a ɗage. 'Yan uwa da dama sun ce shan inna ce, wasu suka ce a haƙura haka Allah ya halicce ta. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ce ta tura mu asibitin ƙashi tun jaririyar ba ta yi arba'in ba, kuma a can aka yi mana bayani cewa kimanin jariri ɗaya cikin dubu ake haifa da wannan, kuma rabinsu ƙafa biyun ne.

Hanyar da aka bi ana kiranta da sunan Dakta Ignacio Ponseti, wanda ya ƙirƙiro ta a jami'ar Iowa ta Amurka. Kowane mako ana lallaɓa ƙafar da hannu a juyo ta kaɗan, a sa siminti tun daga yatsu har cinya, yawanci sau biyar zuwa takwas, sa'an nan a yi wata 'yar ƙaramar tsaga a jijiyar agara domin dunduniya ta sauko, a mayar da siminti na mako uku. Wahalar gaskiya tana zuwa ne bayan nan, domin akwai takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe waɗanda jariri zai sa kusan dare da rana na wata uku, daga nan kuma duk lokacin barci har ya kai shekara huɗu ko biyar. Iyaye da yawa a nan suke sakewa, sun ga ƙafa ta miƙe, yaro yana kuka, sai a ajiye takalmin, ƙafar kuma ta koma. Mahaifiyarta ta yi haƙuri matuƙa, kuma yau Yusra tana gudu da takalmin da kowace yarinya ke sawa.

Hajiya_Ta_Gusau:
Masha Allah, Allah ya raya ta. Ni ɗan ƙanwata ne, shekararsa goma sha biyu kuma yana da sikila. Watanni ke nan yana kukan gwiwar dama yana ɗingishi, an ɗauki hoton gwiwar an ce lafiya lau, ana ta ba shi maganin ciwo. Likita, me za a ƙara yi?

Likitan_Yara_KN:
Hajiya, a koma a ce a duba ƙugunsa, a ɗauki hoton ɓangarorin biyu. Jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga gaɓar ƙugu tana da reshe har gwiwa, don haka yaro kan nuna gwiwa alhali ɓarnar tana sama. A masu sikila jini kan toshe a ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai wani ɓangarensa ya mutu ya fara lotsawa, kuma gano shi kafin ya lotsa yana da babban amfani. Akwai makamanciyar wannan a yaran da ba su da sikila, cutar Perthes, wadda ta fi kama maza 'yan shekara huɗu zuwa takwas. Akwai kuma wata a masu tasowa, 'yan shekara goma zuwa sha shida, musamman masu ƙiba, inda kan ƙashin cinya ke zamewa daga wuyansa, sai a ga yaro yana tafiya ƙafarsa na kallon waje. Wannan ta ƙarshe idan an yi zarginta ba a barin yaro ya ci gaba da taka ƙafar, domin da ƙusa ake kafe ta a ɗakin tiyata.

Abu ɗaya nake roƙon kowa a zauren nan ya riƙe. Yaron da ke da zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafa ɗaya, kuma yana ihu idan an motsa masa ƙugu ko gwiwa, ba a kwana da shi a gida. Yana iya zama kumburin nan mai sauƙi da kan biyo bayan mura ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu, amma yana iya zama mugunya ce ta taru a cikin gaɓar, ita kuwa cikin 'yan kwanaki take cinye guringuntsi, kuma sai an buɗe an wanke. Masu sikila suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗarin ƙwayoyin cuta a ƙashi. Wannan daban yake da ciwon ƙafa na dare da yara kan yi a ƙafafu biyu, babu kumburi babu zazzaɓi, gari ya waye suna wasansu.

Malamar_Jinya_Kaduna:
Zan ɗora a kan maganar shan inna da Abban Yusra ya taɓo. Rabon da a sami ƙwayar shan inna ta asali a Nijeriya tun 2016 a Borno, kuma a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita, duk da haka rigakafi bai ƙare ba kuma duk ƙafar yaro da ta saki kwatsam dole a kai rahotonta. Amma akwai wata shanyewar da hannun mutum ke jawowa, wato allurar ɗuwawu da wanda bai ƙware ba ya yi ta taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, sai yaro ya riƙa jan tafin ƙafarsa. Ƙananan yara a gefen cinya ta waje ake yi musu allura, kuma iyaye suna da ikon tambaya kafin a soka.

Maman_Khalifa:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malama, na duba kamar yadda kika ce, wuyan hannunsa yana da ɗan kauri, amma ban ji komai a haƙarƙari ba. Gaskiya ne kuma tun da aka yaye shi koko da tuwo ne yawancin abincinsa, kuma ya fara tafiya tun yana wata goma. Mahaifinsa ya karanta bayanin Likita, ya amince mu je Asibitin Ƙashi na Dala. Kafin nan, ko in sayi kalsiyam da bitamin D a kemis in fara ba shi?

Uwar_Biyu_Jos:
Ni dai da ni ce, abincin zan fara gyarawa tun yau, kindirmo da garin kifi ba sa jiran takardar likita.

Likitan_Yara_KN:
Abinci kam a fara. Maganin kemis kuwa a dakata har a ɗauki hoto a ɗebi jini, domin bitamin D idan ya yi yawa yana taruwa a jiki ya cutar da ƙoda, kuma idan aka fara shi kafin gwaji yana iya rikita sakamakon. Akwai ma wani nau'in riket na gado wanda ƙoda ce ke zubar da sinadarin fosfet, shi kuma maganinsa daban ne, don haka maganar kakarsa cewa mahaifinsa ya yi irin wannan ƙafa, ki faɗa wa likitan da zai duba shi, tare da tsawon mahaifin da na 'yan uwansa.

Dattijon_Fagge:
To, tunda masu ilmin abin sun yi magana, a je a ɗauki hoton. Ni har yanzu ina kyautata zaton za a ce ba komai, domin na ga waɗanda suka kai shekara uku da baka suka miƙe. Sai dai ina so Likita ko Malama su ƙara mana bayani a kan keken koyon tafiya da ake saya wa jarirai yanzu, da kuma tsayar da yaro a cinya tun yana wata huɗu, domin a gidana ana ta gardama a kan ko su ma suna lanƙwasa ƙafa.